Tiredin da Muka Yanka wa Inna

Ni malamin makaranta ne, da alli nake ciyar da iyalina. Amma wanda ya san ni a unguwarmu a Boɗinga, in ya zo nemana ranar Asabar ba ya ɓata lokacinsa yana sallama a zaure. Zagayawa yake yi ta bayan gida, inda na kafa wata 'yar rumfar kwano kusa da turken awaki. A nan nake wasa da ƙarfe. Wasa nake ce masa domin ba wanda ya koya mini, ban kuma taɓa sayar da abin da na ƙera ba. Ina da bayis, mai damƙe ƙarfe in ana aiki, da na ɗaure a kan kututturen ƙirya, da zarton ƙarfe, da magagari manya da ƙanana, da injin huda da ke aiki duk lokacin da wuta ta ga damar zuwa. Da su na yi murhun gawayin da maiɗakina ke girki a kai, na yi ƙofar akurkin kaji, na kuma yi wata kujera da ba mai yarda ya zauna a kanta sai ni.

Abin da ke damuna a lokacin shi ne, duk abin da na yanka na gyara, sai na ɗauka na kai wa mai walda ya haɗa mini. In ya liƙe kuwa, ya liƙu ke nan. Ni kuma tun ina yaro abin da ke ba ni sha'awa shi ne ƙarfen da ake ɗaurawa a kwance a sake ɗaurawa, bol ya shiga noti sumul ba gardama.

Mahaifiyata, wadda muke kira Inna, tana zaune a sashenta a cikin gidana. Ta tsufa, amma ganinta ya dawo tun da aka cire mata yanar ido, kuma tun daga nan ta koma wa karatun Alƙur'aninta kamar mai ramuwar azumi. Kullum in ta karya kumallo sai ta shimfiɗa buzu a inuwar ɗakinta, ta ɗora babban Alƙur'aninta mai manyan baƙaƙe a kan ɗan katakon nan da ake buɗewa kamar almakashi. Katakon gajere ne, dole ta duƙa. In ta daɗe a duƙe sai wuyanta ya riƙe, ta wuni tana juyowa da dukan jikinta in an kira ta. Maiɗakina ta gwada jera mata matasan kai a ƙarƙashinsa, suka riƙa zamewa. Na kawo mata ƙaramin tebur daga ɗakina, ya yi mata tsawo, ta koma ɗaga kai kamar mai duban wata.

Wata rana ina zaune wajen mai faci ana gyara mini tayar mashin, sai na ga wani direba yana ɗaga motarsa da jak irin na murɗawa. Yana juya ƙarfe a hankali, mota tana tashi kaɗan kaɗan, in ya tsaya ta tsaya inda take. Kafin a gama facin na gama zana abina a ƙasa da tsinke: gindi mai nauyi, bututu a tsaye a kansa, rodi mai tiredi a cikin bututun, sai wani faifan ƙarfe da zai zauna a bakin bututun. In Inna ta juya faifan, rodin ya hau da allon da Alƙur'ani ke kai. In ta juya baya ya sauka. Ta tsayar da shi daidai idonta.

Tiredi shi ne wannan layin da ke nannaɗe a jikin bol da cikin noti. Ƙarafa biyu ke yanka shi. Mai yanka na waje, a jikin rodi, ana ce masa dayis. Zagayayye ne kamar ƙaton kwabo, da haƙora a ramin tsakiyarsa. Mai yanka na ciki, a cikin rami, shi ne taf, ya yi kama da bol da aka tsaga wa hanyoyi a tsaye. Ban mallaki ko ɗaya ba, ban ma taɓa riƙe su ba.

Da na yi wa maiɗakina bayani ta saurara har ƙarshe, sannan ta ce, "Malam, ba a saida rodin da anka riga anka yi ma wanga abu?"

Na ce ana sayarwa.

"To?"

Na ce ai in na sayo shi, ba ni na yi ba. Ta dube ni, ta ce Allah shi ba da sa'a, ta koma kan tsintar shinkafarta.

Ranar kasuwa na tarar da wani mai yawo da kayan aiki ya baza su a kan tamfol, kwaɗo da sifana da tocilan. A gefe ga wani akwatin roba ja. Da ya buɗe mini shi sai da na durƙusa. Taf da dayis ne jere reras, kowane a ɗakinsa, tun daga mai kaurin tsinken ashana har mai kaurin babban yatsa, duk suna walƙiya kamar sababbin kwanukan amarya. Ga mariƙansu biyu a kwance a tsakiya. Arharsa ma ta ba ni mamaki. Ban tambayi komai ba, na ɗaure shi a bayan mashin na taho gida ina jin kamar kowa a hanya ya san abin da na ɗauko. Na buɗe shi a tsakar gida, maiɗakina ta ce lalle wannan lefe ne, saura amarya. Inna ma ta sa aka kai mata ta shafa, ta ce suna da kyau, ko da yake ba ta san na mene ne ba.

Asabar na zuwa na ɗaure rodi a bayis, na sa dayis a mariƙinsa, na yi bisimilla. Ya ƙi kamawa. Ya yi ta zagaya bakin rodin yana gogarsa. Na danna da ƙarfi, na sa nauyin jikina, sai ya kama a karkace, ya shiga yagar ƙarfen maimakon yanka shi. Da na kwance na duba, abin da ya bari a jikin rodin ya yi kama da masarar da ɓera ya ci. Na gwada noti, ya shiga yana rawa, ya cije a tsakiya. Na ce to bari in gwada taf, ƙila shi ya fi hankali. Na huda faifan ƙarfena, na dasa taf a ramin, na fara juyawa. Ya ɗan shiga, ya yi tauri, na ƙara ƙarfi kaɗan, sai na ji ƙas. Rabi a hannuna, rabi a cikin faifan. Na koma kan dayis don haushi, mariƙin ma ya tsage, cikinsa toka-toka kamar busasshen tuwo. Na zauna a kujerata ina kallon akwatin, har yanzu yana walƙiyarsa.

Mutum ɗaya na san zai gane abin da ya same ni, shi ne kuma wanda na fi ƙin ya ji. Ɗan kawuna ne, taubashina, yana zaune a Shagari. Manomin albasa ne, yana da fadama a kan hanyar Kajiji, kuma ciwonmu ɗaya: ba ya iya wuce tsohon ƙarfe a hanya bai ɗauka ba. Injinan ban ruwansa shi ke kwance su ya ɗaura, wani lokaci ma lafiyarsu ƙalau. Tun muna yara ba mu taɓa haɗuwa mun rabu ba tare da ɗaya ya tsokani ɗaya ba. Shi yana ce mini ɗan mace, ni ina ce masa ɗan namiji, kowa kuma na cewa ɗayan bawansa ne.

Lokacin cire albasa ne. Na same shi a rumfar ajiya a bayan gidansa, zaune a tsakiyar tsibin albasa yana ware masu rauni. Muka gaisa, ya tambayi Gwaggonsa, wato Inna, na tambayi iyali. Sannan na ajiye akwatin a gabansa, na ɗora rodin da faifan a kai. Ya goge hannu a riga, ya ɗauki rodin ya juya shi, ya leƙa ramin faifan ya ga guntun taf a ciki. Ya fara dariya a hankali, ta yi ta ƙaruwa har ya kwanta a kan albasa.

"Ɗan mace," ya ce yana share hawaye, "wa yac ce ka taɓa aikin maza?"

Na bar shi ya gama. Da ya gama sai ya tashi ya shiga gida, ya fito da gwangwanin tumatir babba, ya zazzage shi a gabana. Guntayen taf ne, karyayyu, da dayis biyu da haƙoransu suka kwanta. Irin walƙiyar nawa sak.

"Nawa akwatin shuɗi na," in ji shi.

Nan dariyar ta koma tawa. Muka yi ta har matarsa ta leƙo ta katanga ta tambaya ko lafiya.

Bayan mun ci tuwo ya kai ni inda yake nasa wasan, wani ɗaki da ba ƙofa, cike da ƙarafa. Ya ciro wani ƙullin tsumma mai maiƙo daga cikin tukunya, ya kwance. Dayis ne guda ɗaya, baƙi-baƙi, ba walƙiya ko kaɗan. Ya ce bayan akwatinsa ya ƙare a gwangwani ne ya samo wannan a Sakkwato, kuma duk bol ɗin injinansa da shi yake gyara su. Ya ɗaure wani guntun rodi, ya ɗan fiƙe bakinsa da magagari, ya ɗiga mai, ya ce in juya.

Ba na manta abin da hannuna ya ji. Dayis ɗin ya kama tun juyin farko, ya shiga ƙarfen kamar wuƙa a kabewa. Ba yaga, ba ƙara, sai wani ɗan sauti mai laushi, ga siraran ƙarfe suna nannaɗowa daga ramukansa suna zuba ƙasa. Ya ce in riƙa komawa baya kaɗan bayan kowane juyi domin siraran su karye su fita. Na yi. Da muka kwance, tiredin ya fito layi-layi, mai kaifi, yana ɗaukar ido.

Na ce ya ara mini.

"Ko Gwaggo taz zaka da kanta," ya ce, "sai dai ta yanka nan gabana."

Da ma bai dace da aikina ba, nasa ya yi wa rodina ƙanƙanta. Muka yanke shawara mu tafi Sakkwato tare ranar da ya kai albasa. Ya ce in taho da rodin da zan yi aiki da shi, da notin da nake so ya hau shi, da dayis ɗaya daga cikin jan akwatin.

Shagon da ya kai ni yana can cikin layin masu kayan ƙarfe, ƙunci gare shi, mutum biyu ba sa tsayawa kafaɗa da kafaɗa. Mai shagon wani dattijo ne mai tabarau masu kauri, kowa na ce masa Alhaji. Yana sayar da sababbin kaya da na hannu. Muka durƙusa muka gaishe shi, ya amsa da fara'a, ya gane taubashina, ya tambaye shi albasa. Bai nuna mana komai ba sai da ya ji aikin da za a yi. Da na gaya masa na tsohuwa ne da Alƙur'aninta, ya ce madalla, ya jawo mana benci ƙofar shago inda haske yake, ya fito da tire cike da taf da dayis ya ɗora mana a cinya.

"Ku duba da kanku," ya ce. "Ni in na zaɓa muku, in ya karye ni za ku zaga."

Farkon abin da muka yi shi ne ware dangi. Ashe tiredi gida biyu ne, akwai na milimita akwai na inci. A ido kamar ɗaya suke, amma notin wannan ba ya hawa bol ɗin wancan, sai ya ɗan shiga ya cije. Notina na milimita ne, lamba goma sha biyu, saboda haka muka mayar wa Alhaji duk na inci, da duk wanda lambarsa ta goge ba a iya karantawa. Tiren ya ragu sosai.

Sai duban haƙora. Na fito da dayis ɗina na jan akwati, muka jera shi da na tiren a cikin rana. A nan na ga abin da ban gani ba ranar kasuwa. Nawa an shafe shi ne da wani abu mai ƙyalli, har bakin haƙoran ya dakushe, sun yi kumburi kamar an zuba su a tukunya. Na Alhaji kuwa ba ƙyalli, amma kowane haƙori an wasa shi, yana da baki siriri, in ka goga farce a kai sai ya kankare shi. Taubashina ya karɓi magagari ya goga a gefen nawa, magagarin ya ci shi har ya bar tabo. Ya nemi izini ya goga a gefen wani na hannu daga tiren, magagarin ya zame kamar a kan kwalba. Na tambayi Alhaji wasu haruffan boko uku da na ga an buga a jikin waɗansu. Ya ce alama ce ta ƙarfe mai kyau, wanda ba ya saurin dakushewa, amma yanzu har marasa kyau ana buga musu, don haka in karanta haruffan, sannan in yarda da idona da farcena.

Daga nan gardama ta tashi. A lamba ɗaya akwai mai tiredi ƙanana, matsattsu, akwai mai manya. Ni ƙananan suka burge ni, sun fi kyan gani, kamar saƙa.

"Ka sa ma Gwaggo wanga," in ji taubashina, "ta fara juyi da hantsi, sai azahar allon shi kawo ga idonta."

Na ce ai mai ƙanana ya fi tsayawa daram. Ya ce Alƙur'ani za a ɗora ba buhun gero ba. Muka juya ga Alhaji, ya ɗaga hannu ya ce shi tsakanin taubasai ba ya shiga. Sai ya miƙo mana bol biyu da notinsu, mai ƙanana da mai manya, ya ce mu murɗa. Na murɗa, na tuna yatsun Inna, na ajiye mai ƙananan. Taubashina ya yi gyaran murya har sau nawa.

Ban daɗe ba na rama. Shi ya nace a kan wani dayis na hannu, tsoho, wai ƙarfen da ya fi na yanzu. Na karɓa na karkata shi ga rana, ina juyawa a hankali, sai na hango haƙori ɗaya a can ciki ya ɓalle. Na miƙa masa na ce ɗan namiji ya sa tabarau. Alhaji ya karɓa ya leƙa, ya ce wallahi shi ma bai lura ba, ya jefa shi a wani kwali a ƙarƙashin tebur. Muka ɗauki sabo, mai tsaga a gefe ɗaya da ɗan sukuru. Amfanin tsagar, in ka buɗe shi kaɗan sai ya yi yankan farko sama-sama, ka matse shi ka sake bi, har noti ya hau yadda kake so.

Taf kuwa ashe 'yan'uwa uku ne a kowace lamba, ba ɗaya ba kamar na akwatina. Na fari bakinsa a fiƙe yake sosai, shi ke buɗe hanya. Na biyu ya bi sawunsa ya ƙara zurfi. Na ƙarshe bakinsa a datse, shi ke kammalawa. Alhaji ya ɗaure mini su da zare, ya haɗa da bakin injin huda da ya dace da su, domin in ramin ya matse ko taf mai kyau karyewa yake, in ya yi faɗi kuma tiredin ba ya riƙo. Muka zaɓi mariƙai biyu na ƙarfe zalla, masu nauyi a hannu, muka gwada muka ga suna damƙe abin ba ya motsi. Kafin mu tashi ya ɗaure guntun rodina a bayis ɗinsa ya ce in gwada a gabansa. Na yanka kamar tsawon gaɓar yatsa. Notin ya hau.

Duk abin da na saya ya shige aljihun rigata ɗaya, ban da mariƙan. Na ce wa taubashina abin da kunya, mutum ya zo birni ya koma da ɗan ƙulli. Ya ce in ina son akwati ai ina da shi a gida. Muka tsaya muka sha fura mai sanyi a bakin tasha, ya sa na yi ta fito da ƙullin muna sake dubawa.

Asabar ta gaba tun da hantsi ya iso Boɗinga a kan mashin, da ƙullin albasa na Gwaggonsa. Na riga na shirya komai. Gindin wani tsohon faifan birkin mota ne da na samo wajen masu gwangwan, an liƙa masa bututu a tsaye. Na yanko sabon faifan juyawa mai kauri, na gyara gefensa da magagari, na yi masa 'yan kunnuwa da yatsa zai kama. Man da zan yi aiki da shi ne kawai na manta. Na leƙa madafa na roƙi maiɗakina man gyaɗa a murfin kwalba. Ta ba ni, ta ce in ƙarfen ya soyu a kawo mata ta ɗanɗana.

Da taf muka fara, don shi nake tsoro. Na huda faifan, na dasa na fari, taubashina ya tsuguna yana duba ta gefe ko ya miƙe, ya koma ɗaya gefen ya sake dubawa. Na juya da yatsu kawai, ba da dantse ba. Duk lokacin da ya ɗan yi tauri sai in koma baya, in ji sirarin ya karye, in ci gaba. Taubashina yana gefe yana ɗiga man gyaɗa. Da bakin taf ɗin ya leƙo ta ƙasan faifan muka saki numfashi tare. Na biyu da na ƙarshe suka bi kamar sun san gidan.

Rodin ne ya ci mana lokaci, domin tiredin dogo ne, ya kai kamu ɗaya. Muka riƙa karɓa-karɓa. Ni in juya shi ya ɗiga mai, shi ya juya ni in share sirara da tsohon buroshin haƙori. Rumfar ta cika da ƙamshin man gyaɗa mai ɗumi, awaki suka matso suna leƙe. Taubashina ya fara tsokana, ya ce nawa juyin na masu alli ne, na ce nasa na masu tonon albasa. Muka bi rodin da dayis a buɗe, muka matse shi muka sake bi. Ana kiran azahar muka wanke shi da kananzir. Na ɗora faifan a bakinsa, na buga masa yatsa ɗaya, ya yi ta juyawa da kansa yana gangarowa har ƙasa, ba rawa ba cijewa. Taubashina ya mayar da shi sama ya ce shi ma sai ya buga. Muka yi ta yi kamar yara har muka kusa rasa jam'i.

Bayan la'asar muka ɗaura allon, wanda na yi wa ɗan baki a ƙasa don kada littafi ya zame, maiɗakina kuma ta lulluɓe shi da koren ƙyalle. Muka ɗauka mu biyu muka kai sashen Inna, muka durƙusa.

Ta dube shi sama da ƙasa. "Wanga na abin da kuka ta bugu tun da sahe?"

"Shi na, Gwaggo," in ji taubashina. "Ni niy yi shi, bawana ya riƙa man."

Ta ce mu bar shirme mu nuna mata. Na ajiye shi gaban buzunta, na nuna mata yadda za ta dafa allon da hannu ɗaya ta juya faifan da ɗayan. Ta sa aka ba ta ruwa ta yi alwala, ta ɗauko Alƙur'aninta da kanta ta ɗora. Ta taɓa faifan da yatsu biyu, a tsorace. Allon ya motsa. Ta janye hannu, ta dube mu, ta sake taɓawa. Ya yi ta hawa a hankali har ya wuce idonta, ta mayar da shi, ta ɗan ƙara, ta jingina bayanta da bango, ta gyara zama. Sannan ta fara karatu a hankali, kanta a miƙe, kamar ba mu a wurin. Muka jira har ta kai ƙarshen shafi. Ta rufe, ta ɗora hannu a kaina ta ɗora a nasa, ta yi mana addu'a mai tsawo, har da iyayenmu da suka riga mu da 'ya'yan da ba a haifa ba. Da ta shafa sai ta ce wa taubashina albasar bara ta fi ta bana girma.

Ba a yi wata guda ba wata ƙawarta ta zo mata kwana biyu daga Danchadi. Tare suka yi 'yammatanci, doguwar mace ce, har yanzu ba ta ranƙwafa ba. Da safe suka zauna karatu a buzu ɗaya, Alƙur'ani ɗaya. Ina daga rumfata ina jiyo su. Baƙuwar ta juya faifan allon ya hau, in an kai ƙarshen aya Inna ta sauke shi, baƙuwar ta sake ɗagawa. Can na ji an aiko kirana.

"Malam," Inna ta ce, "ka yi ma wagga nata."

Na ce in don tiredin ne kada ta damu, ko shekara suka yi suna juyawa ba zai cinye ba.

"Ba ƙarhen nika ji ba," ta ce. "Mun kusa ɓatawa."

Baƙuwar ta rufe baki da mayafi tana dariya, ta ce a yi nata ya fi wannan tsawo.

Na biyun ni kaɗai na yanka shi, a Asabar biyu, na sa masa shuɗin ƙyalle. Ranar da na gama na naɗe shi a buhu, na ɗaure a bayan mashin, na kama hanyar Danchadi. Gindin yana da nauyi, ga hanyar da yashi, sai da na riƙa tsayawa ina gyara ɗaurin. Na tarar da ita a ƙofar ɗakinta tana ɓarar gyaɗa, ta ce in ajiye shi a inuwa, in zauna in ci abinci tukuna.